Muryar Maigadi Ta Maƙale A Kwamfuta

Masu karatu, ku gyara zama. Wadda ke girki ta rage wuta, don ba zan ɗauki alhakin tukunyar kowa ba.

Ga waɗanda yau suka fara leƙo mu: a gida ni ce Auta, a shago kuma Almakashi, saboda aikina yanke bidiyo da haɗa shi. Shagonmu ɗaki biyu ne a saman wani kantin magani. Mai kyamara ya je ya ɗauko, ya kawo min katin kyamara, ni kuma in zauna gaban kwamfuta in fitar da abin kallo. Wannan mai kyamarar shi ne damuwata. Dogo ne, siriri, rigarsa kullum ruwan toka, kamar sun yi faɗa da sauran launuka. Duk ranar da aka tashi sai ya rako ni gida, yana tura babur da hannu, ina tafe a gefe. Ya tsaya jikin katangarmu har ya ga na shige. Abin da yake faɗa a duk tafiyar nan shi ne, "Sai gobe." Ranar da yake cikin nishaɗi ya ƙara da, "In Allah ya kai mu."

Baba ne ya raɗa masa Maigadi.

"Auta," in ji Baba, muna shan shayin safe, "wai wa ya ɗauki yaron nan aikin gadi a gidana?"

"Baba, abokin aiki ne fa."

"Abokin aiki ba ya haddace katangar mutane. In da magana a bakinsa, ya shigo ya faɗa. In babu, ya bar min ƙofa ta sha iska. Gwaggonki na tafe ƙarshen mako da tata maganar, ni kuwa ba zan ce wa ƙanwata ta jira mutumin da ban san muryarsa ba."

Maganar Gwaggo ɗan ƙawarta ne, mai shagon turare. Kakata, mahaifiyar Baba, Rediyo take ce masa. Ba mutumin banza ba ne, kar ku ce na ɓata shi. Sai dai in ya turo saƙon murya, sai na sa waya a caji kafin in buɗe. Baba ba ya tilasta wa kowa. Amma in ya ce wa Gwaggo "to, ya fara zuwa gaisuwa," janye wannan "to" ɗin sai an sha kunya a dangi, ni kuma na san wanda zuciyata ke tsayawa jikin katanga tare da shi.

Na tura masa saƙo.

Ni: Baba ya ce ka shigo ko ka bar masa katangarsa.
Shi: To.
Ni: To me?
Shi: To na ji.

Na kifa wayar a kan katifa. Wallahi da yana kusa da na jefe shi da ita.

Ranar da Gwaggo za ta zo, na sa doguwar rigata mai ruwan zuma, na yafa farin mayafi mai ɗan aiki a baki, na sa takalmin da ke cije min ɗan yatsa amma yana ƙara min tsawo. Umma ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Wannan kwalliyar ta Gwaggo ce ko ta gadi?" Na yi kamar ban ji ba.

Ina hawa matakalar shago saƙonsa ya shigo.

Shi: Na fita aiki. Katin bikin makarantar nan na cikin kofi. Akwai wani a ƙarshe. Ki kalla ke kaɗai.

Jimla huɗu a jere. Sai da na zauna a kan matakala na sake karantawa.

Na shiga, na kunna kwamfuta, sai na ga ba tawa ba ce. Allon ya sauya, furanni sun cika shi, komai ya ƙaura daga inda na san shi. Mai shagonmu mutum ne da ba ya iya ganin maɓallin "sabunta" ya wuce. Jiya bayan mun tashi ya sabunta babban tsarin kwamfutar gaba ɗaya, wanda duk sauran manhajoji ke tafiya a kansa, yau da asuba kuma ya kama hanyar garinsu. Na ce ba komai, furanni ba sa cizo.

Na zura kati. Na tsallake yaran makaranta da kyaututtukansu, na sauka kan fayil na ƙarshe.

Ga shi nan. Zaune a kan kujerar ɗaukar hoto, bayansa farin labule. Rigarsa shuɗiya. Shuɗiya, jama'a! Na ja zuwa tsakiya, na ga bakinsa na motsi, hannunsa na motsi, har da dafa ƙirji. Mutumin da "sai gobe" ke yi masa nauyi, ga shi yana zuba kamar an buɗe famfo.

Ba sauti. Ko ɗis.

Na ƙara murya. Na ƙure ta. Na cire abin kunne na mayar. Na bi wayar sifika da hannu har bayan tebur, na kwaso ƙura a mayafina. Na kunna wani karatu da ke cikin kwamfutar, ya fito ras, har mai kantin magani ya buga min silin daga ƙasa. Na kunna bidiyon da aka ɗauka da waya, shi ma lafiya lau. Na dawo kan na yaran makaranta: shugabar makaranta na ta jawabi, baki kawai. Duk abin da ya fito daga kyamararmu ya zama bebe.

Na jefa fayil ɗin cikin manhajar da nake aiki da ita. A ƙa'ida, ƙarƙashin hoto akwai layin sauti, yana hawa yana sauka kamar tsaunuka. Yau layin a miƙe yake kamar igiyar shanya. Na ce bari in fitar da shi a matsayin sabon bidiyo, ko wajen matsewa manhajar za ta juya sautin. Na zauna ina kallon koren layi yana rarrafe har ya cika. Ya fito tsaf, hoto garau, shiru kamar masallaci bayan an watse.

Sai na buɗe bayanin fayil ɗin. Layi biyu: na hoto, na sauti. Na sautin yana da sunansa, yana da nauyinsa. Wato muryar na nan. A ɗaure take.

Bari in yi muku bayani yadda na fahimce shi. Kowace kyamara da irin ƙullin da take yi wa sauti. Kwamfuta ba ta jin komai sai tana da abin kwance wannan ƙullin, shi ake kira kodek. Tsohon tsarin yana da na kyamararmu. Sabon da ya zo, ya tattara shi ya zubar, ya ba mu furanni.

To, a koma tsohon tsari mana. Na duba. Mai shago, don tsabar tsafta, ya goge ajiyar tsohon wai don a samu fili. Na nemo wata manhaja mai zuwa da nata kodek a jiki, wadda za ta juya sautin zuwa irin da kowa ke ji. Ta sauko lafiya. Zan girka ta, kwamfuta ta ce sai da kalmar sirrin mai shago. Na kira shi, ba ta shiga. Na sake kira, aka ce ba a samunsa. Na tura saƙo har da roƙo da sunan iyaye. Na tura fayil ɗin cikin wayata, ita ma ta nuna hoto ta ce ba ta san wannan sautin ba.

Na koma karatun leɓe. Na ƙara girman bakinsa har ya cika allo, na rage gudu. Ban tsinci kalma ko ɗaya ba. Abin da na gano kawai, yana da wushirya. Duk zaman da muka yi ban sani ba, don bai taɓa buɗe baki haka a gabana ba.

Wajen azahar ya kira. Hayaniyar taro a bayansa.

"Kin kalla?"

"Na kalli bakinka. Sauti babu. Mai shago ya sabunta kwamfuta, ta daina jin kyamararka."

Sai na ji ya sauke wani dogon numfashi.

"Alhamdu lillahi."

"Me ka ce?"

"Ki goge shi. Gwajin makirufo ne."

"Gwajin makirufo da shuɗiyar riga?"

"Ta wanki ce ta ƙare."

"Kawo kyamarar in saurara a jikinta."

"Ina aiki. Sai yamma." Ƙit, ya kashe.

Na ajiye wayar a kan tebur. Ku da kuke dariya, ku sani irin wannan mutumin sau ɗaya yake tara ƙarfin hali, kamar mai tara ruwan sama a kofi. Ya zuba shi gaba ɗaya a gaban kyamara, kwamfuta ta shanye. In na goge, shi ke nan. Zai koma rigarsa ruwan toka da "sai gobe," Gwaggo kuma za ta iso da la'asar.

Ban goge ba. Na kwafe shi a filashi, na jefa a jaka, na rufe shago tun kafin lokaci. A hanya ne tunanin ya zo min: tsoffin na'urori ba wanda ke sabunta su, don haka ba wanda ke kwashe musu kaya. A falonmu kuwa akwai wadda ta girmi aikina.

Talabijin ɗinmu mai kauri ce, tana zaune a kan kabad tsakanin agogon da ya tsaya da furen roba. Tana da ramin filashi a gefe. Baba ya haɗa mata manyan sifiku biyu saboda Kaka, don kunnenta ya yi nauyi. Rimot ɗin an naɗe shi da salatif, maɓallin tsallakawa gaba ya mutu tun ina makaranta.

Na shigo na tarar da gida yadda nake so. Baba ya tafi tarbo Gwaggo a tasha. Umma na kicin, ƙamshin albasa ya cika tsakar gida. Kaka na gyangyaɗi a kujerarta, carbi ya zame mata a cinya. Na cire takalmin mugunta, na lallaɓa, na zura filashi, na rage murya ƙasa-ƙasa, na durƙusa dab da sifika.

Ya bayyana. Ya gyara kujera. Ya zauna. Ya kalli kyamara.

Shiru.

Na ɗan ƙara. Shiru. Na ƙara. Tun safe hannuna ya saba, duk na'urar da na taɓa sai na ƙure ta. Na danne maɓallin har layin ya kai bango. Ko motsi. Na ji idona ya kawo ruwa. Na ce shi ke nan, ita ma tsohuwar talabijin ta ci amanata.

"Auta!" Umma daga kicin. "Zo ki sauke min tukunyar nan, na ji tsayuwar mota!"

Na ajiye rimot a cinyar Kaka na fita da gudu.

Ga abin da ban lissafa ba. A shago, duk kallon da na yi, tsakiya nake ja, inda baki ke motsi. Farkon ban taɓa zama na kalla ba. Talabijin ba ta da laifi. Mutumin ne bai fara magana ba. Ko a gaban kyamara, shi kaɗai a ɗaki, sai da ya yi gadinsa tukuna.

Ina riƙe da tukunya da tsumma, sai na ji wata gyaran murya kamar tsawa ta faɗo cikin gida. Gilasan taga suka amsa.

"ALMAKASHI."

Umma ta saki ludayi. "Innalillahi! Wane ne a falo?"

Ban san inda na dire tukunyar ba. Na iso falo na tarar da Baba a bakin ƙofa, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a waje. Gwaggo na bayansa da jakarta da ledar tsaraba, baki buɗe. Kaka ta farka tangaran, ta tura rimot ƙarƙashin mayafinta ta danne da hannu biyu.

"Kaka, don Allah ba ni!"

"Ke tafi can. Yau na samu tashar da nake ji."

Na yi wajen soket. Baba ya ɗaga yatsa ɗaya. Na tsaya cak.

"NA SAN BA NA MAGANA," in ji Maigadi, fuskarsa ta cika allo, gumi na tsattsafo masa. "BA WAI BABU BA CE. KULLUM TUN DAGA SHAGO NAKE SHIRYA TA. KAFIN MU KAI WAJEN MAI FACI TA WATSE."

"Allah sarki," in ji Kaka.

"KIN SHA YI MIN FAƊA WAI INA ƊAUKO HOTO DA YAWA, INA BA KI WAHALAR YANKA. DA GANGAN NE. IN KINA FAƊA, KINA KALLONA."

Umma, da ta biyo ni, ta toshe baki da gefen zani. Kafaɗunta na rawa.

"BABUR ƊIN MA LAFIYARSA ƘALAU. IN NA HAU, TAFIYAR ZA TA YI SAURI."

"Ka ji ɗan banza," in ji Baba a hankali. "Ni har ina tausayinsa, na ce ba shi da na mai."

A allo ya sunkuyar da kai, ya murza hannu, ya ɗago.

"INA SON KI. BA NA WASA BA. AURE NAKE NUFI. IN KIN YARDA ZAN SHIGA WURIN BABA. SAI DAI INA TSORON GYARAN MURYARSA. IN YA YI TA DAGA CIKIN GIDA, GWIWATA SAKI TAKE A WAJE."

Baba, da ya ɗauko gyaran murya ya kai rabi, ya haɗiye abarsa.

"IN BA KI YARDA BA, KI GOGE. ZAN CI GABA DA KAWO KATI. BA ZAN SAKE TSAYA MUKU A KATANGA BA."

Ya miƙo hannu wajen kyamara, allo ya yi baƙi.

A cikin wannan shirun wayata ta yi ƙara. Na duba. Mai shago ne: ga kalmar sirri, Allah ya sa ba a makara ba. Na mayar da wayar jaka. Yaran makaranta za su samu muryarsu gobe. Ni tawa ce ta ɓace.

Baba ya cire ɗaya takalmin, ya shigo, ya zauna a kujerarsa. Ya ajiye hula a gwiwa.

"Yaron da na ce ban san muryarsa ba," ya ce, "yau har maƙwabta sun sani."

Gwaggo ta dire leda. "Yaya, ni fa da magana na zo. Yaron nan mai turare, ga hankali, ga iya gaisuwa, ga baki..."

"Bakin ne muke gudu," in ji Kaka. "Rannan ya gaishe ni a waya har na yi barci na farka yana 'ya jiki'. Wannan kuwa, in Auta ba ta so, ni a ba ni. Shuɗi na yi masa kyau."

"Inna, ki bari mana," in ji Gwaggo, amma ita ma dariya ta fara cin ƙarfinta. Ta zauna a hannun kujera tana fifita da gefen mayafi. "Wai da gaske babur ɗin lafiyarsa ƙalau?"

Baba ya juyo gare ni. Na dasa ido a kan kafet, ina ƙirga zanensa.

"Auta. Na ji nasa. Ke naki sautin yana aiki, ko shi ma an sabunta shi?"

Na ja mayafi na rufe fuska. Ƙura na jiki, ƙamshin albasa na jiki.

"Yana yi, Baba."

"Ban ji ba. Inna, ƙara mata."

"Yana yi!"

"To. Ni ba na ba da 'yata ga talabijin. Kira shi."

Na ciro waya.

Ni: Kana ina?
Shi: Jikin katanga.
Ni: Tun yaushe?
Shi: Tun wajen mai faci. Na zo karɓar kati in goge. Mai kantin layinku ya fito. Ya tafa min.
Ni: Baba ya ce ka shigo.
Shi: To.
Ni: To me?
Shi: To ina cire takalmi.

Sallamarsa ta shigo kafin shi, siririya, ba ta kai rabin ta sifika ba. Ya sunkuyo ta ƙofa da jakar kyamara a kafaɗa, rigar ruwan toka ta jiƙe a baya. Ya durƙusa can nesa, kusa da kabad, daidai ƙarƙashin talabijin ɗin da ta tona shi. Ya gaida Baba da kai, ya gaida Kaka da kai, ya gaida Gwaggo da Umma da kai.

"Malam Maigadi," in ji Baba, "na ji na akwati. Yanzu na baki nake son ji."

Ya ɗago. Ya buɗe baki. Na hango wushiryar. Ya rufe.

Agogon da ya tsaya ma sai da na ji kamar yana tafiya. Gwaggo ta kalli Baba, kallon "ka gani ko." Kaka ta zaro rimot daga mayafi, ta saita shi a ƙirjin bawan Allah, ta shiga danna maɓallin ƙara murya da babban yatsa.

Baba ya ɗauki hularsa daga gwiwa. Na san wannan ɗaukar. In ta hau kai, an tashi zama.

Ban san lokacin da na yaye mayafi daga fuska ba.

"Baba, don Allah kar ka tashi," na ce. "Na duba fayil ɗin da kaina. Farkonsa ne haka. Sautin na ciki."

Baba ya dube ni. Ya dubi hular. Ya mayar da ita kan gwiwa.

Daga ƙarƙashin talabijin, Maigadi ya yi gyaran murya.